Ƙusar Tagulla a Bakin Jeti

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, samarinmu sukan cika min shago a Muraƙƙabat, nan Dubai. Wasu ma'aikatan banki ne, wasu ɗalibai, wasu 'yan kargo. Su sha shayi, su yi ta ɗaga akwatunan da ke kan kanta suna tambayar farashi, in na faɗa su kwashe da dariya. Kullum sai an sami mai cewa, "Haba Alhaji, GPS ne fa. Ga shi nan a wayata kyauta." Wani kuma ya ce in ya tara jari wannan harkar zai shiga, tunda ba ta da wahala: ka ba da haya, tauraron ɗan'adam ya yi aikin, kai kana zaune cikin esi. Saboda su na zauna na rubuta wannan, don in na fara bayani da baki ba sa bari in kai ƙarshe.

Wayarka tana gaya maka kana titin Al Rigga, kuma gaskiya ta faɗa. Amma sau nawa ta ajiye ka a tsallaken titi, mai tasi yana can yana kira kana ɗaga masa hannu? A tudu wannan kuskuren abin dariya ne. A ruwa, faɗin titin nan ya isa dutse ya farke wa jirgi ciki. Masu awon ƙasan teku, sojan ruwa ne ko 'yan kwangila, abu biyu suke nema a lokaci guda: zurfin ruwan nawa ne, kuma a daidai ina. Zurfin da ba a san wurinsa ba ba ya amfanin kowa. Ni ɓangaren da nake sayarwa shi ne na biyun.

Ban karanta wannan a makaranta ba. Wayar hannu nake sayarwa a kasuwar Naif, ni da ƙaramin shago da kwastomomin Kano da Kwatano. Sai aka shiga 2009, shekarar da Dubai ta tsaya cak. Gine-gine suka tsaya rabi da rabi, jiragen yashe da ke kwaso yashi suna gina sabuwar ƙasa cikin teku aka ɗaure su, masu sayen wayata suka ɗauke ƙafa. Wani kamfanin awo ya rufe, aka sa gwanjon kayansa a wani sito a Jabal Ali. Na je ne don kwamfutoci, ina lissafin in tura su gida. A can na ga wani dattijo baƙi dogo tsaye kan tarin akwatuna, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana goge abin da ke ciki da bakin rigarsa. Ya ji ina waya da Hausa, ya juyo.

"Ɗan Kano ne?"

Na ce eh, Baba.

"Bar kwamfutocin nan, baɗi war haka shara ne. Sayi waɗannan. Banki ya karye ko bai karye ba, yashi na nan yana cika hanyar jirgi. Dole wata rana su dawo su auna."

Cif Fuseini ke nan, ɗan zangon Sekondi ta Gana. Ya yi ƙuruciyarsa a sojan ruwan ƙasarsu, a sashen awon teku, ya yi ritaya ya zo nan yana aiki da kamfanin da ya rufe. An sallame shi, yana ta fafutukar sabunta biza. Na saka jarina kaf a akwatunan nan, na saki shagon Naif, na koma ɗakin gado-gado da shi da wasu mutum huɗu. Kayan na ƙarƙashin gadajenmu. Kusan shekara guda ba wanda ya tambaye ni hayar ko wayar haɗi ɗaya ta cikinsu. Aikinmu shi ne mu fito da batura mu yi musu caji kada su mutu, mu shanya wayoyi kada danshin garin nan ya ci bakinsu. Abokan kasuwata in sun gan ni a Naif sai su tambaye ni yaya taurarina suke, sun fara haihuwa?

A kan rufin benen da muke kwana Cif ya koya min aikin, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Na'ura biyu ce. Ɗaya ana kiranta bes, ana kafa ta a tudu kan sandar nan mai ƙafa uku, daidai saman wata ƙusar tagulla da masu awon ƙasa suka dasa a kankare, wadda aka san wurinta da tsayinta har zuwa faɗin farce. Ɗayar tana kan jirgi. Dukansu suna sauraron taurari iri ɗaya, kuma saƙon taurarin kafin ya ratso sama ya iso ƙasa yakan ɗan karkace. Bes tunda ta san inda take tsaye, tana gane yawan karkacewar, sai ta aika wa ta jirgi gyara ta rediyo ba ƙaƙƙautawa. In gyaran ya zauna, allo ya nuna fiks, kore, kana iya rantsuwa da wurin da jirgi yake. In ya koma fulot, ruwan ɗorawa, ka dakata, duk abin da ka auna a lokacin zubarwa za a yi.

Cif ba ya koyarwa da lallashi. In na kafa ƙafa uku, ya zo ya leƙa ɗan kumfan da ke nuna daidaito, ya ga ya kauce daga tsakiya ko da kaurin gashi, sai ya sa ƙafa ya ture ɗaya daga ƙafafun. "Sake." In auna tsayin eriya daga kan ƙusa, ya ce in sake aunawa da wani tef ɗin daban. Ya hana ni kafa bes kusa da tankin ruwa, da kwantena, da duk wani ƙarfe mai faɗi, don saƙon tauraro yana dukan ƙarfe ya dawo, na'ura ta ji shi sau biyu ta rikice. Abin da ya fi maimaita min shi ne, bes ba ta da ido. Abin da ka gaya mata game da wurinta shi take ɗauka, kuma da shi za ta yi wa jirgi gyara har ranar ta ƙare.

Ranar da ya fara kai ni kan ruwa, a wani ɗan jirgin awo na abokinsa, amai na yi tun daga fita har dawowa. A tsakanin amai ya nuna min eko, na'urar da ke aika sauti ƙasa ta jira dawowarsa ta faɗi zurfi. Ya nuna min yadda ake zura faifan ƙarfe da sarƙa mai alamu a ƙarƙashin jirgi a ga ko eko za ta faɗi zurfin da aka sani, domin ruwan nan namu gishirinsa ya yi yawa kuma yana da ɗumi, sauti ba ya tafiya cikinsa kamar a wani teku. Ya nuna min yadda teku ke cika ya janye, da yadda ake mayar da kowane awo zuwa ga mafi ƙarancin ruwa, don direban jirgi ya san abin da zai tarar a rana mafi muni. Jirgin awo kuwa tafiyar mai huɗa yake yi, layi bayan layi, sannan ya ratsa su a gicciye. Inda layi biyu suka haɗu, dole zurfinsu ya zo ɗaya. In bai zo ɗaya ba, akwai mai ƙarya a cikin kayan.

Aiki ya dawo kamar yadda Cif ya faɗa, a hankali. Shi bai daɗe yana cin moriyarsa ba, ƙafa ta matsa masa ya koma Sekondi wajen jikokinsa. Na kama wannan shagon. Kwastomomina iri-iri ne. Turawan jiragen yashe ba sa ciniki, amma sai sun ga takardar gwajin kowace na'ura. Indiyawa da Misirawa masu ƙananan kamfanoni za su yi ciniki har ka gaji, sannan su kira ka daga tsakiyar ruwa suna ihu don waya ɗaya ta saki. Sai hafsoshin sojan ruwa daga ƙasashenmu na Afirka, waɗanda kasafinsu bai kai sabo ba. Su ba sa yarda da takarda, sai sun gani da ido. Dukansu abu ɗaya ke ransu idan sun shigo wajena: kayan wannan mutumin na hannu ne. Ranar da aka ce na'urar Alhaji ta yi ƙarya sau ɗaya, an gama da ni, don masu wannan aikin a garin nan ba su da yawa, kuma a wuri ɗaya suke cin abinci.

Aikin da ya kusa kai ni nan, a tsakiyar zafin 2013 ne. Wani kamfanin gine-gine yana da jetinsa na kansa, wato inda jirage ke ɗaurewa, can gaba da Jabal Ali, a kan sabuwar ƙasar da aka cike. An yashe masa hanyar shigowa, kuma ana jiran wani baji, wato katon jirgin dakon kaya marar inji da ake ja, ɗauke da manyan ƙarafa masu nauyi. Ruwan da zai rage tsakanin cikin bajin da ƙasa kaɗan ne, don haka dole a auna hanyar kafin ya iso. Mai awon wani Bamisire ne, Injiniya Tarik, mutum mai tsantseni da gajen haƙuri. Kayana ya ɗauka haya. A makon ne kuma wani hafsa ya sauka daga gida, Kwamanda Sabo, wanda aka turo ya duba kayan da za su auna bakin koguna da su. Na roƙi Tarik ya bar shi ya hau jirgi ya ga kayana suna aiki. Ban taɓa samun ciniki mai girman wannan ba, kuma da hannuna na kai mai sayen inda zai ga komai.

Ƙusar tagullar tana can ƙarshen jetin, fili fetal, ba inuwa ko ta sanda. Ɗan nesa da ita akwai ɗakin maigadi. Maigadin sunansa Awudu, ɗan zangon Kumasi, mai fara'a, yana jin Hausata ya rungume ni kamar ɗan'uwa. Na kafa bes, na gwada, na ce masa, "Awudu, kayan nan sun fi motata tsada. Ka kula min da su." Ina haɗa batur ina mita ni kaɗai cewa ranar garin nan ita ke kashe min kaya.

Ya ce, "Maigida, kada ka damu. Tana hannuna."

Kowace safiya kafin mu fita, Tarik yakan ɗora eriyar jirgi a kan wata alama da aka sani a bakin jeti ya gwada. Daidai. Da yamma in mun dawo ya sake gwadawa. Daidai. Kwamanda yana rubutawa yana gyaɗa kai. A rana ta uku ne, muna komowa, Tarik ya kira ni gaban allo, fuskarsa ba annuri.

"Ya Hajj, zo ka ga kayanka."

Layukan gicciye ba su haɗu ba. Inda na safe ya ratsa na rana, zurfin ya bambanta da kusan taƙi guda. Gefen hanyar da ya kamata ya fito a miƙe ya fito kamar haƙoran zarto. Akwai wani tudun dutse a gefen mashigar da jirgin yashe bai gama cinyewa ba. A awon safe yana cikin hanya, a awon rana ya koma waje.

"Dutse ɗaya ne, ya Hajj, ko biyu? In na sa hannu a kan wannan, bajin ya hau kansa, ni za a ɗaure. Gyara kayanka, in ba haka ba in kira masu sababbin kaya. Kuma zan faɗa wa kowa dalili."

Kwamanda Sabo yana tsaye a bayanmu. Ya rufe littafinsa ya sa a aljihu.

Na canza rediyo. Na canza wayoyin eriya duka biyu. Na kawo wata na'urar jirgi daban, na kawo sababbin batura. Washegari muka fita, abin ya maimaita kansa. Ofishin kamfanin suna kiran Tarik suna tambayar taswira, don bajin ya riga ya taso daga inda aka yi masa lodi, kuma kowace rana da zai yi yana jira a waje asara ce da za a nemi wanda za a ɗora wa. A mota Kwamanda ya ce min, cikin ladabi, "Alhaji, akwai wani dila a Sharja da aka ba ni sunansa. Ina ganin zan leƙa shi, don in cika umarni kawai." Na ce ai ya kamata, ranka ya daɗe.

Abu ɗaya na riƙe. A ranar da muka sake fita, ban ɗauke idona daga allo ba, sai na lura fiks ya faɗi zuwa fulot sau biyu, na ɗan lokaci, sannan ya dawo kore da kansa. Sau ɗaya wajen azahar, sau ɗaya gab da la'asar. Na tambayi Tarik, ya ce kullum haka yake yi, ya ɗauka rediyona ne ke jin zafi, shi ya sa yakan dakata har koren ya dawo. Na'urar da ta lalace ba ta san azahar ba. Na ce masa gobe su fita ba ni, zan zauna a tudu.

Ban gaya wa Awudu ina nan ba. Na ajiye mota bayan wasu tulin bututu inda nake hango jetin. Da rana ta take, leburori suka watse, don a watannin zafi doka ta hana aiki a fili da tsakar rana. Wurin ya yi tsit, kankare yana tururi. Sai ga Awudu ya fito daga ɗakinsa da tawul a ka. Ya je wajen bes, ya tsuguna ya duba ƙafafunta, ya rataya batur a kafaɗa, ya rungumi ƙafa ukun gaba ɗaya kamar mai ɗaukar jariri, yana tafiya a hankali don kada waya ta tsinke. Ya kai ta gefen ɗakinsa inda inuwa ta faɗo, ya hau da ita kan dakalin, ya ajiye, ya goge mata ƙura da tawul ɗin.

Ban san lokacin da na fito daga mota ba.

"Awudu! Me kake yi?"

Ya yi murmushi, ko a jikinsa. "Maigida, ashe kana nan? Rana ce. Ka ce tana kashe maka kaya. Ni ma wayata ta mutu a nan wurin. Kullum ina shigo da ita inuwa, kafin ku dawo in mai da ita. Zo ka gani."

Ya ja ni wajen ƙusar. Ya zagaye gurbin kowace ƙafa da alli, da'ira uku tsaf, don ya mayar da ita inda ya same ta. Shi ya sa gwajin safe da na yamma ba su taɓa kama komai ba. Amma duk tsakar rana bes tana can kan dakali, nesa da ƙusa da tsawon mota biyu, sama da ita da taƙi guda, tana ta gaya wa jirgi cewa tana nan inda aka kafa ta. Duk abin da aka auna a lokacin ya goce gefe, kuma ruwan ya fito da zurfin da ba shi da shi.

Na yi masa bayani a gajarce. Murmushin ya ɓace. Ya kama hannuna da hannu biyu, Hausarsa ta gauraye da Turanci da yaren Asante.

"Maigida, me pa wo kyɛw, don Allah don Annabi. In suka ji, yau za su soke min biza. Ban gama shekara ba. Wallahi alheri na nufa."

"Na sani. Mayar da ita kan allinka, kada ka ƙara taɓa ta."

Na kira jirgi ta rediyo na ce su dawo. Suka ɗaure a jikin jeti. Na sake daidaita bes da hannuna, na ce wa Tarik da Kwamanda su zuba wa allo ido, kada su kalle ni. Na ɗauki ƙafa ukun na kai kan dakalin na ajiye. Ina tsaye na ji ihun Tarik daga cikin jirgi. Koren ya dawo, amma jirgin da ke ɗaure da igiya biyu ya yi tsalle a kan allo ya koma tsakiyar ruwa. Na mayar da ita kan ƙusa, jirgin ya dawo jikin jeti. Kwamanda ya ce in sake. Na sake.

Tarik ya hauro tudu yana huci. Ba wawa ba ne, ya san mutum ɗaya ne ke wurin nan da tsakar rana. Ya dubi ɗakin maigadi, ya dube ni.

"Dole in rubuta wa ofis dalilin da zai sa a sake awo. Sunan wa zan sa?"

Na ce, "Rubuta cewa an bar bes ba shinge ba mai tsaro, aka gusar da ita. Mai kayan ne bai killace ta ba. Kwanakin da za a sake, ba na karɓar haya, kuma ni zan tsaya a kanta da kaina."

"In na rubuta haka, habibi, za su cire ka daga masu kawo musu kaya."

"Su cire. Amma ka rubuta a layin farko cewa na'urorin lafiyarsu ƙalau, an gwada a gabanka."

Lissafina a fili yake. Kamfani ɗaya zan iya rasawa in rayu. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a ce kayana na ƙarya. Korar Awudu kuma ba za ta ƙara wa hanyar jirgi zurfi ba. Tarik ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya koma jirgi.

Kwana biyu aka yi ana sake layukan rana. Na tsaya kusa da bes tun fitowar rana har faɗuwarta, da lema a hannu, ina riƙe da ita nesa da eriya don kada in tare mata sama. Takalmina ya yi laushi a kan kankare. Awudu yana kawo min ruwan sanyi, ya tsaya taku da yawa daga ƙafa ukun ya miƙo da tsawon hannu. Da aka haɗa awon, layuka suka zauna a kan juna. Dutsen ɗaya ne, kuma a cikin hanya yake, inda taswirar farko za ta nuna ruwa mai zurfi. Aka dawo da jirgin yashe ya kankare shi, aka sake bi ta kansa da eko, bajin yana can waje yana jira, ofis suna zagin kowa.

Ranar da zai shigo, da cikar ruwa, muna tsaye a jeti ni da Kwamanda, wanda ya ɗage tafiyarsa don ya gani. Jiragen ja biyu suka shigo da shi a hankali, ya nutse har kusan bakinsa saboda nauyi. Da ya zo daidai inda dutsen yake, ruwan bayansa ya tashi da laka, launin ƙasa. Na ƙura wa igiyar jan ido, don in ciki ya taɓa ƙasa ita za ta fara nunawa, ta miƙe kamar sanda. Ba ta miƙe ba. Bajin ya wuce, lakar ta kwanta.

Kamfanin ya cire sunana kamar yadda Tarik ya faɗa, kuma har yau ban koma cikin jerinsu ba. Kwamanda kuwa a hanyar komawa gari ya ce, "Alhaji, wurin da za mu kafa wannan abin a gida, bakin kogi ne, cikin ƙauyukan masunta. Can ba mutum ɗaya ne zai tausaya mata ba, gari guda ne. Wata tsohuwa za ta shanya kifi a kanta. Me za ka yi min?" Na ce ya ba ni kwana biyu. Na je wajen wani mai walda a Sharja, muka ƙera keji na ƙarfe gajere, wanda bai kai tsayin eriya ba, ana ɗaure shi a kankare da kusoshi, yana da kwado, batur kuma yana da akwatinsa mai rufi a ƙasa. Kwamanda ya ga kejin, ya jijjiga shi da ƙarfinsa, sannan ya sa hannu. Bai ɗauki duk abin da na so ba, rabi ya saya, amma kowace bes da kejinta. Tun daga ranar ban ƙara ba da bes haya ba keji ba, kuma kejin ba kyauta ba ne.

Na farkon da muka ƙera, a jetin nan na gwada shi, don Tarik ya ci gaba da karɓar kayana ta hannun wani dila. Awudu yana nan a bakin aikinsa. Ya zagaya kejin, ya taɓa kwadon, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi farar eriyar tana ƙyalli a sama.

"Maigida, ya yi kyau. Amma ba za a ɗan yi mata rufi ba? Ko na kwano ne."

Na ce masa a'a, Awudu, sama take kallo, da ita take aiki. Ya girgiza kai, bai gamsu ba. Na zare makullin daga kwadon na sa a aljihuna.